Dasashi da Haƙoran Roba: Abin da Likitan Haƙori Yake Nufi

Yawancinmu ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana mu barci. Abin takaici, ɗaya daga cikin manyan cututtukan da ke zubar wa manya haƙora ba ta zuwa da zafi sai ta yi nisa, kuma ba a jikin haƙorin take farawa ba. A dasashi take farawa, wato naman nan da ya rungume gindin haƙora, wanda wasu ke kira dasori.

Haƙori kashi biyu ne: kan da ake gani, da saiwar da ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai siraran zaruruwa masu riƙe haƙori, dasashi kuma ya lulluɓe su. A inda dasashi ya haɗu da haƙori akwai ɗan kwarmi, zurfinsa milimita 1 zuwa 3 a bakin mai lafiya. Lafiyayyen dasashi yana da ƙarfi, yana manne da haƙori, ba ya jini idan an goge shi. Duhun launinsa ba abin damuwa ba ne. A wurin baƙar fata yakan yi duhu ko dabbare-dabbare, kuma halitta ce.

Kalmar farko da mutum zai ji a ɗakin likita ita ce filak. Dauɗa ce mai laushi da yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, wadda ke taruwa a gindin haƙori kullum. Kankare haƙorinka da farce da sassafe, farin abin da ya fito shi ne. Buroshi da man goge baki suna fitar da ita, asuwaki ma haka idan an bi kowane haƙori ciki da waje. Idan aka bar ta, sinadaran da ke cikin yawu sukan daskarar da ita ta zama dutse, wanda likitoci ke kira tata ko kalkulas. An fi samunsa a bayan haƙoran gaba na ƙasa, kuma taba da goro suna rina shi. Wannan kam ya fi ƙarfin asuwaki, sai wankin haƙori a asibiti, wanda ake kira sikelin.

Ana yawan cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi ko yana buɗe giɓi a tsakaninsu. Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Giɓin da ake gani bayan wanki dama yana nan, dutse ne ya toshe shi, kuma dutsen ne yake cin naman da ƙashin a ɓoye.

Mataki na farko na cutar shi ne jinjibaitis, kumburin dasashi. Naman ya yi ja, ya kumbura, mutum ya tofar da yawu bayan goge baki ya ga jini. Da yawa sukan daina taɓa wurin don tsoron jinin, alhali gogewar ce maganinsa. A wannan mataki ana warkewa sarai. Idan aka yi sakaci, a wurin wasu sai ta zarce zuwa feriyodontaitis, inda zaruruwan nan da ƙashin da ke riƙe haƙori suke zaizayewa. Ɗan kwarmin ya zurfafa ya zama abin da likitoci ke kira aljihu. Idan ka ji likita yana zura wani siririn ƙarfe mai zane-zane a gefen haƙorinka yana kiran lambobi, uku, biyu, biyar, shida, zurfin aljihun yake aunawa, kuma daga 4 zuwa sama akwai magana. Daga nan sai warin baki, mugunya a gindin haƙori, dasashi ya ja da baya har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, sannan girgiɗi. Ana iya tsayar da cutar, amma ƙashin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mai tsananin tana damun kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, mutum sama da biliyan 1.

Taba tana ƙara ta, tana kuma ɓoye jinin da zai tona ta. Ciwon suga da ita suna rura wa juna wuta. Mai juna biyu takan ga dasashinta ya kumbura fiye da da. Ga yara masu tamowa kuwa, gyambon dasashi yana iya rikiɗewa cikin 'yan kwanaki ya zama noma, cutar da ke cinye kunci da leɓe, wadda ake da asibiti na musamman dominta a Sakkwato. Yaron da bakinsa ke wari, dasashinsa ke jini, a kai shi asibiti ranar.

Idan haƙora sun riga sun zube, sai maganar haƙoran roba, waɗanda ake sawa a cire. Daban suke da haƙorin Makka, wanda hula ce ta ƙarfe da ake kifa wa haƙorin da ke nan, daban kuma da dashe, inda ake kafa ƙusa a cikin ƙashi. Haƙoran roba iri biyu ne. Cikakke na wanda ba shi da ko ɗaya a sama ko a ƙasa. Na ɓangare kuma na mai sauran haƙora, wanda yakan zo da 'yan maƙalai na ƙarfe da ke kama haƙoran da suka rage. Jan gindin da ke kama da dasashi ana yin sa da akirilik, robar da aka fara amfani da ita a wannan aiki a shekarun 1930. Wasu na ɓangare suna da ƙashin ƙarfe na kobal da kuromiyam. Sun fi siranta da ƙarko, sun kuma fi tsada.

Aikin yana farawa da awo. Likita zai cika wani ɗan faranti mai siffar muƙamuƙi da kwaɓin aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, ya danna a baki na 'yan mintoci har ya kama. A wannan zubi ake fitar da siffar bakin da farar ƙasa. Sai awon cizo, sai gwaji da haƙoran da aka jera a kan kakin zuma, kuma a nan ne ya kamata mutum ya dubi madubi ya faɗi ra'ayinsa kan launi da girma, kafin a gasa robar. Cikakke na sama yana kama ganda ya manne da taimakon yawu. Na ƙasa ya fi wuyar sabo, domin wurin zamansa kaɗan ne kuma harshe na ture shi. Makonnin farko yawu zai yawaita, magana ta ɗan sauya, tauna ta yi nauyi. A fara da abinci mai laushi, a tauna ta gefe biyu lokaci guda.

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne, ƙashin da aka cire wa haƙori yana ci gaba da motsewa, musamman a watanni 6 na farko. Shi ya sa haƙoran da suka zauna daram bana za su iya yin sako-sako baɗi. Gyaransa shi ne rilayin, a ƙara roba a cikin gindin ya sake dacewa da dasashi. Kada a kankare da wuƙa, kada a liƙe karaya da gam ɗin kasuwa.

A cire su da dare domin naman ya huta. Mai kwana da su yana gayyato wani naman gwari mai suna kandida, ganda ta yi jawur a daidai inda robar take zama, sau da yawa ba tare da zafi ba. A wanke su kullum da buroshi mai laushi da sabulu marar ƙarfi, a kan kwano mai ruwa saboda suɓucewa, a ajiye su cikin ruwan sanyi, domin tafasasshe yana lanƙwasa su. A goge dasashi, harshe da ganda, da haƙoran da maƙalai ke kamawa, don su ne filak ya fi taruwa a kansu. Duk gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, ko da ana zaton gogar roba ce, likita ya gan shi.