Daga Lamurje Zuwa Sobolo: A Kula Kada Tukunya Ta Juya

Jama'a, duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi ya san da wuya a yi suna ko ɗaurin aure a Zango ba a ga lamurje ba. Maƙwabtanmu na Accra sun laƙaba masa suna da Turanci wai giyar Hausawa, alhali kuwa mu da muke jiƙa shinkafar, mu markaɗa ta da citta da kanumfari, mu tace da ruwan tsamiya, mun san babu abin maye a ciki. To, uwargidan da hannunta ya faɗa a kan lamurje, sobolo mai abarba ba zai ba ta wuya ba, kuma ya fi jan masu saye saboda jan launinsa.

Sobolo dai shi ne soɓon da 'yan'uwanmu na Kano ke sha, Sanagal su ce bisap, Masar su ce karkade. Daga itacen yakuwa ake samunsa, busasshensa kuma yana nan a kasuwar Nima. A wanke kofi biyu nasa sosai domin yashi, a zuba a ruwa lita huɗu tare da ɓawon abarba guda wankakke, da dakakkiyar citta, da kanumfari kaɗan. Mai son ƙamshi ya jefa kimba, wadda Asantawa ke kira hwentia, amma ƙwaya biyu ta isa, in ta yi yawa sai ɗaci. A tafasa kamar minti 30, a tace, a sa sukari tun da zafinsa.

Wurin da muke so a tsaya a kai shi ne naman abarbar. Da yawa daga cikinmu sukan markaɗa shi ɗanye su zuba bayan sobolon ya huce, domin ya fi daɗi haka, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai a jikin abarba akwai ƙwayoyin yis waɗanda ido ba ya gani, danginsu ɗaya da wanda ke kumbura burodi. Aikinsu cin sukari, su mayar da shi iska da barasa. Tafasa tana kashe su, ɗanyen ruwan abarba kuwa yana dawo da su cikin tukunya. A ƙasar Meziko da gangan ake jiƙa ɓawon abarba da sukari kwana biyu ko uku har ya yi kumfa. Ke nan ga sukari, ga yis, ga zafin Accra, me ya rage?

Wannan ba sabuwar magana ba ce a wurin malamai. An ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa yana sha, amma ba ya barinsa ya wuce yammacin kwana na uku. A irin zafinmu, wanda aka sa wa ɗanyar abarba aka bari a waje bai kamata ya kwana ba.

Waɗanda suka yi wannan sana'a a shekarar 2015, lokacin da dumsor ta yi tsanani, ba sa bukatar a gaya musu. Firiji ya mutu da dare, da safe a tarar robobi sun kumbura, a buɗe murfi a ji "fiss", ga kumfa a sama, ga wani tsami mai yaji a harshe wanda ba na soɓo ba ne. In an ga haka, kada a ƙara sukari a rufe aibi a miƙa wa 'yan makaranta ko mai buɗa baki. A zubar, ko da jari ya taɓu.

Mai yin na sayarwa ta tace ruwan abarbar ta haɗa shi a tukunya, ya samu tafasa ɗaya kafin a sauke. Ɗanɗanon zai ɗan ragu, amma zai jure. Robobin da aka taɓa amfani da su a wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife su bushe, domin ragowar jiya da ta maƙale a gindi ita ce ke tayar da na yau. Da ya huce kuma sai firiji ko cikin ƙanƙara.