Kifi Mai Gurnani, Abincin Talakan Bakin Teku

Kifi mai gurnani babban dangi ne na kifayen ruwan gishiri, iri fiye da 130, wanda masana ke kira Haemulidae. Yakan goga haƙoran da ke cikin maƙogwaronsa, jakar iskar cikinsa ta ƙara amon, kamar dai yadda ƙurungu ke kuka in an fid da shi daga ruwa. Wani reshen dangin, masu kaurin leɓe, ya fi yawa a Tekun Indiya da yammacin Fasifik.

Garke-garke yake yawo kusa da gindin ruwa mara zurfi, shi ya sa kamunsa ba wuya. A tsibiran Karebiya da tarkon waya ake kama shi. A Japan, irin da suke kira isaki yana da daraja a kasuwa.

A Afirka ta Yamma irin mai manyan idanu ne ya fi yawa, daga Muritaniya har Angola. Tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, kuma yana da araha. A Gana masunta kan zagaye shi da doguwar raga, su yi layi a kan yashi suna ja da igiya. Mata kuma su banda shi a murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a Accra a 1969, inda ake jera farantan waya bisa juna don hayaƙi ya ratsa su duka da itace kaɗan.

Barazanar kifin manyan jirage ne masu jan raga a gindin teku, waɗanda ke kwashe har da ƙanana. A da, a Elmina ta Gana an daɗe ana cinikin saiko: jirgi ya daskarar da kifin, ya sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar ruwa. Dokar Gana ta haramta shi, amma an ƙiyasta an sauke tan 100,000 na kifi ta wannan hanya a 2017.

A Nijar kuwa, garuruwan Tasawa da Mayahi na da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. Kifinsu na gida tarwaɗa ne da karfasa da gaiwa, daga tabkunan da damina ke cikawa. In rani ya ƙafar da su, sai bandar kifi da daskararren kifin teku mai zuwa cikin kwali. Don haka in kamu ya ragu a gaɓa, mai cefane a Tasawa ma yakan ji a aljihunsa.