Inshorar Mota: Abin da Ake Saye da Abin da Ake Tsammani



Batun da aka nemi in yi magana a kansa ya shafi wata takarda da kusan kowane mai mota yake da ita a cikin aljihun motarsa, amma kaɗan ne suka taɓa karanta ta. Galibinmu mun ɗauki takardar inshora tamkar takardar izinin wucewa, wadda ake miƙa wa ɗan sanda a shinge don ya ɗaga hannu. Alhali kuwa yarjejeniya ce tsakanin mai mota da kamfani: shi yana biyan ƙayyadadden kuɗi kowace shekara, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan wata asara idan ta auku. Ita wannan kalma ta "wata" ita ce tushen yawancin rigingimun da ake yi, domin ba kowace asara ce aka yi alkawari a kanta ba.

Asalin tilasta inshorar mota daga Ingila ya zo mana, inda aka kafa dokar a 1930 bayan motoci sun yawaita, mutane suna mutuwa a kan hanya, direbobi kuma ba su da abin biyan diyya. A Nijeriya an yi irin wannan doka a 1945. Manufarta ita ce kare wanda aka buge, ba mai mota ba. Daga nan aka sami sunan nan da ke rikita mutane, watau inshorar mutum na uku. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, na uku kuwa shi ne duk wanda motarka ta yi wa ɓarna: mai tafiya a ƙasa, ko mai keke, ko mai shagon da ka afka wa.

To, a nan ne ya kamata a natsu. Idan ma'aikaci ya sayi irin wannan inshora, sa'an nan ya bugi motar wani a mahaɗar hanya, kamfani zai biya gyaran motar wancan mutumin har zuwa iyakar da aka rubuta. Tasa motar kuwa, ko da ta ragargaje, ko sisin kwabo ba zai samu ba. Haka nan idan aka sace ta, ko ta kama da wuta. Sau da yawa mutum yakan je ofishin kamfani da fushi yana cewa an cuce shi, alhali abin da ya saya ke nan tun farko. Dokar inshora ta 2003 ta ajiye iyakar biyan ɓarnar dukiyar mutum na uku a kan naira miliyan 1, kuma shekaru da yawa ana biyan naira 5,000 a shekara. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗin motar gida naira 15,000, iyakar biya kuma naira miliyan 3. Duk wanda ya san farashin kayan gyara ya san cewa babbar mota ta zamani tana iya cinye wannan adadi a karo ɗaya, abin da ya haura kuwa daga aljihun mai laifi zai fito.

Ɗaya nau'in shi ne cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa haƙƙin mutum na uku da asarar motarka ta hanyar haɗari ko gobara ko sata. Kuɗinta ya danganta ga darajar mota, kuma a sanarwar da ta fara aiki a 2023 hukumar ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100. Motar naira miliyan 6 ke nan za ta ci aƙalla naira 300,000 a shekara. Kuɗi ne mai nauyi ga mai albashi, ban musa ba. A ganina ma'aunin mai sauƙi ne: in motar ta salwanta gobe, kana iya sayen wata ba tare da iyalinka sun shiga ƙunci ba? Wanda ya sayi mota da bashi yana biya daga albashi, shi ya fi kowa bukatar wannan nau'i, domin ɓarawo ba ya tafiya da bashin.

Ko a cikakkiyar inshora akwai sharuɗɗan da ake rubutawa da ƙananan haruffa. Akwai wani kaso na farko na kowace asara da mai mota zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya. A tambayi yawansa tun kafin a sa hannu. Akwai kuma batun daraja. Kamfani ba ya biyan abin da ya wuce kuɗin da aka rubuta, saboda haka wanda ya rage darajar motarsa don ya sami sauƙin biya, kansa ya yi wa. A zamanin da farashin mota yake tashi cikin 'yan watanni, wajibi ne a riƙa gyara wannan adadi duk lokacin sabuntawa. Ambaliya da tarzoma ma ba kullum suke ciki ba, sai an nema an ƙara kuɗi.

Abin da ya fi kama ma'aikata shi ne faɗin gaskiya game da aikin da mota take yi. An rubuta ta a matsayin motar gida, amma da yamma mai ita ya fita kabu-kabu don ya cike giɓin albashi, ko ya ba ƙanensa wanda ba shi da lasin tuƙi. Ran da haɗari ya auku a cikin wannan hali, kamfani yana da hujjar ƙin biya, domin ba a kan wannan aka yi ciniki ba.

Sai maganar wurin saye. Takardun jabu sun daɗe suna yawo a bakin ofisoshin lasin, inda 'yan kamasho suke haɗa wa mutum takardun mota gaba ɗaya a farashi mai rahusa. Takarda ce mai hatimi da kyan gani, amma babu wani kamfani a bayanta, kuma an ce araha ba ta ado. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta kafa rumbun bayanai mai suna NIID, inda mutum zai sa lambar motarsa ta intanet ya ga ko inshorarsa tana da rajista. Tun da 'yan sanda suka ƙarfafa binciken inshorar mutum na uku a watan Fabrairu 2025, mai takardar jabu ya zama yana da asara biyu. Hanyar da ta fi aminci ita ce a saya kai tsaye daga kamfani mai lasin NAICOM, ko ta hannun dillali mai rajista, a karɓi rasit, domin ƙa'idar ita ce sai kuɗi sun shiga hannun kamfani alkawari yake hawa kansa. A kuma tambayi waɗanda suka taɓa neman biya a wurin, domin a ranar biya ake gane kamfani.

Na san akwai waɗanda suke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da rashin tabbas. Ga su akwai tsarin takaful, wanda hukumar ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A cikinsa mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon wanda asara ta faɗa wa, kamfani yana kula da asusun bisa lada, rarar da ta saura kuma ana iya raba musu. Kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna ba da na mota.

In haɗari ya auku, a fara da ceton rai, sa'an nan a sanar da 'yan sanda, a ɗauki hoton wurin, a rubuta lambar ɗaya motar da sunayen shaidu. A gaya wa kamfani cikin kwanakin da takarda ta ƙayyade. Kada a yi alkawarin biya a bakin hanya, kada kuma a kai mota wurin bakanike kafin ma'aikacin kamfani ya zo ya ƙiyasta ɓarnar. Wanda kamfani ya ƙi biyansa ba bisa hujja ba yana da damar kai ƙara sashen koke-koke na NAICOM, tare da kwafin takardarsa da rasit da rahoton 'yan sanda.