Kafin kiwon kifin teku, sai an iya kiwon ruwa

Kifaye uku muka rasa cikin mako guda a ɗakin gwajinmu, alhali ruwan tankin gilashin garau yake. Ashe abin da ke kashe kifin teku ido ba ya ganinsa.

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce. Bakteriyar da ke zaune cikin matata da jikin duwatsu su ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Mu kuwa zumuɗi ya sa muka zuba kifi tun kwana na uku.

Sai batun gishiri. Litar ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35, kuma na miya ba ya yi, akwai na musamman. Idan zafi ya rage ruwan, gishirin yana nan, don haka da ruwa zalla mara kilorin ake cikawa.

Yanzu duk mako biyu muna canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan. Soson matata kuma a tsohon ruwan tankin muke ɗauraye shi, kada ruwan famfo ya kashe bakteriyar. Fargabarmu ɗauke wuta, shi ya sa muka yi karo-karo muka sayi injin hura iska mai batir.