TSARIN KUNDIN BINCIKE A KAN JI DA GANIN ƘAGAGGUN HALITTU: MISALI DAGA GONAKIN GOZAKI

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan yadda ya kamata ɗalibi ya tsara kundin digirinsa idan bincikensa ya shafi ƙagaggun halittu. Abin da ake nufi da ƙagaggiyar halitta a nan shi ne dabba ko mutum da aka ƙera a cikin kwamfuta, aka ba shi ido da kunne na kwaikwayo, sa'an nan aka ɗora masa gane aikin da wani yake yi a gabansa.

Jami'o'in da ke kusa da mu, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, kowace tana da ƙa'idojinta na rubuta kundi, tun daga faɗin gefen takarda har zuwa yadda za a jera manazarta. To, amma ƙa'idojin nan na kowa da kowa ne, ba a yi su domin wani fanni guda ba. Ra'ayin da takardar nan take ɗauke da shi shi ne, wajibi ne tsarin irin wannan kundi ya bi hanyar da labari yake bi a jikin halittar, wato daga duniyar da take ciki zuwa gaɓar da ta ɗauko labarin, daga nan zuwa ganewa, daga ganewa zuwa aikatawa. Idan aka cuɗa waɗannan matakai, to mai jarrabawa ba zai iya rarrabe abin da halittar ta gane da abin da ɗalibi ya raɗa mata ba.

2.0 TAƘAITACCEN TARIHIN FANNIN

Manomi ya daɗe da sanin mutum-mutumi, wanda yake kafawa a gona domin korar tsuntsaye. Aibinsa shi ne siffa kawai gare shi, ba ya ji ba ya gani, shi ya sa bayan 'yan kwanaki tsuntsu yakan sauka a kafaɗarsa. Tarihin wannan fanni ƙoƙari ne na cike wannan giɓi.

A tsakanin 1948 da 1949, Grey Walter ya ƙera wasu na'urori biyu masu kama da kunkuru a Biristol ta Ingila, waɗanda suke bin haske, suna kauce wa abin da suka yi karo da shi. A 1987 Craig Reynolds ya nuna cewa ana iya samar da garken tsuntsaye a cikin kwamfuta idan kowane tsuntsu yana lura da maƙwabtansa na kusa kaɗai. A 1994 kuma Xiaoyuan Tu da Demetri Terzopoulos, a Jami'ar Toronto ta Kanada, suka fito da kifayen kwamfuta masu ido da kuma gaɓar jin ɗumin ruwa. Idon kifin yana da iyaka: yana kewaye digiri 300 ne, ba ya hango abin da ya yi nisa, ba ya kuma ganin abin da wani abu ya kare. Kundin digiri na uku da Tu ta rubuta a kan wannan aiki ya ci kyautar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta shekarar 1996, kuma tun daga sunansa ya jera abubuwa daki-daki: ƙirar jiki, da motsi, da tsinkaye, da ɗabi'a.

Ta fuskar gane aiki kuwa, a 1973 Gunnar Johansson na Jami'ar Uppsala ta Suwidin ya liƙa 'yan fitilu a gaɓoɓin mutum cikin duhu, sai ga shi masu kallo suna gane tafiya da gudu daga motsin fitilun kawai.

3.0 MISALIN DA ZA A YI AMFANI DA SHI

Mu ƙaddara wani ɗalibi ya ƙera gona a cikin kwamfuta, irin gonakin Gozaki ta Ƙaramar Hukumar Kafur, inda ake noma dawa da masara da auduga kamar sauran ƙasar Funtuwa da Malumfashi. A tsakiyar gonar ya kafa ƙagaggen mai gadi, aikinsa shi ne ya gane abin da mutanen da yake hange suke yi: shuka ce da sungumi, ko noma da hauya, ko huɗa da garma, ko tsinkar auduga, ko girbi. Da wannan misali za mu auna kowane sashe na kundin.

4.0 TSARIN BABI-BABI

4.1 Shafukan Farko da Babi na Ɗaya

Bayan shafin suna da na amincewa da sadaukarwa da godiya, sai tsakure. Tsakure ya amsa tambayoyi huɗu a taƙaice: wace halitta ce, waɗanne gaɓoɓi aka ba ta, ayyuka nawa aka nemi ta gane, kuma kashi nawa cikin ɗari ta gane daidai.

A babi na ɗaya ne ya kamata a kafa ma'anar kalmomi, kuma a nan mai rubutu da Hausa yana da wani nauyi na musamman. Bahaushe yana cewa ya ji ƙara, ya ji wari, ya ji zafi, ya ji gishiri a miya, har ma ya ji Larabci. Wato ban da gani, kalmar "ji" ta ɗauke sauran gaɓoɓi duka, ta kuma haɗa da fahimta. Saboda haka idan ɗalibi ya rubuta cewa halittarsa "ta ji manomi", ba a san ko sautin hauyarsa ta ɗauka ba, ko girgizar ƙasa, ko kuwa gane shi ta yi. Mafita ita ce a ware "jin sauti" da "jin taɓi" da "ganewa" tun a shafukan farko, a jera su cikin jadawali, kada kuma a sake musu suna har ƙarshen kundi. Littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya nuna hanyar yin haka a fannin harshe da adabi.

4.2 Babi na Biyu: Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Kada a jera ayyukan magabata bisa shekaru kawai kamar lissafin sarakuna. A kasa su gida uku: waɗanda suka yi aiki a kan jiki da motsi, da waɗanda suka yi a kan gaɓoɓi, da waɗanda suka yi a kan gane aiki. A kashi na uku a bayyana taskokin bidiyon da masana suke gwaji da su. Alal misali, taskar KTH ta Istokholm, ta 2004, tana da ayyuka 6 da mutum 25 suka yi, irin su tafiya da gudu da tafi. Taskar UCF101 ta Amurka, ta 2012, tana da ayyuka 101 a cikin guntayen bidiyo 13,320. Babu noma da hauya ko daka a turmi a cikin ko ɗaya daga cikinsu. Wannan giɓi shi ne hujjar binciken ɗalibinmu, kuma da shi ya kamata ya rufe babin.

4.3 Babi na Uku: Hanyar Bincike

Wannan shi ne ƙashin bayan kundin, kuma ya kamata a raba shi fasali huɗu bisa jerin da aka ambata a gabatarwa. Fasali na farko ya siffanta gonar: faɗinta, da tsawon shuka, da hasken rana. Na biyu ya siffanta gaɓoɓin mai gadin, kowace da iyakarta: digiri nawa idonsa yake kewayewa, mita nawa yake hangowa, hoto nawa yake ɗauka a daƙiƙa. Na uku ya bayyana dabarar ganewa. Na huɗu ya faɗi abin da yake aikatawa bayan ya gane.

Dalilin wannan rabo kuwa shi ne, kwamfutar da ta ƙera gonar ta riga ta san inda kowane manomi yake da abin da yake yi, tun da ita ce take motsa shi. Idan wannan sani ya zurara zuwa ga mai gadin ba ta hanyar idonsa ba, to an ba shi satar amsa ke nan, sakamakon kuma ba shi da daraja ko da ya kai ɗari bisa ɗari. Don haka a sa zane guda a farkon babin, mai kibiyoyi da suke nuna duk wata kafa da labari yake shiga halittar.

4.4 Babi na Huɗu: Sakamako

Adadi guda ba ya isa. A kawo jadawalin ruɗani, wato wanda aka jera ayyukan gaskiya a gefensa, aka jera abin da halittar ta zata a samansa, domin a ga wane aiki take ɗauka a matsayin wani. Mai noma da mai girbi duk a duƙe suke. Idan muka shiga cikin gida kuma, sussuka da surfe da daka duk turmi ne da taɓarya, motsin hannu kusan ɗaya ne, bambancin yana ga abin da ke cikin turmin da irin sautin da yake bayarwa. A nan karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ba ta yi aiki ba, domin sai an haɗa kunne da ido. Saboda haka a nuna sakamako sau uku: da ido kaɗai, da kunne kaɗai, da kuma su biyun.

Haka kuma, mutanen da aka koyar da halittar da motsinsu kada su zama su ne aka gwada ta da su. Masu taskar KTH ma da mutane suka yi rabonsu, ba da guntayen bidiyo ba. Bugu da ƙari, a ware sakamakon farkon damina, lokacin da shuka take ƙasa, da na watan Satumba, lokacin da dawa ta shanye mutum, da na lokacin hazo.

4.5 Babi na Biyar da Rataye

Babi na ƙarshe ya taƙaita abin da aka gano, ya kuma faɗi iyakarsa: abin da ya yi aiki a gonar kwamfuta ba lalle ne ya yi a gonar gaske ba. A rataye a sa umurnan da aka rubuta wa kwamfuta, da takardar yardar duk wanda aka ɗauki motsinsa, musamman idan an shiga gidajen aure.

5.0 HARUFFA DA JADAWALI DA ZANE

Kowane jadawali da zane da lissafi a ba shi lamba mai nuna babinsa, kamar 3.1 ko 4.2. Tun da motsi ba ya kwanciya a takarda, a jera hotuna a layi, a rubuta daƙiƙar kowane a ƙarƙashinsa. Manhajar LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina a kan TeX ta Donald Knuth, tana sauƙaƙa lambobi da lissafi. Ko da wace manhaja aka yi aiki, a zaɓi rubutun da yake da ɓ da ɗ da ƙ, domin "kafa" daban, "ƙafa" daban, kuma dukkansu za su fito a irin wannan kundi.

6.0 KAMMALAWA

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tsarin kundi a wannan fanni ba ado ba ne, wani ɓangare ne na hujja. Shawararmu ga malamai masu duba ɗalibai ita ce su nemi abu uku kafin su sa hannu: jadawalin kalmomi, da zanen kafofin labari, da jadawalin ruɗani. Wata rana ana iya ƙera na'ura bisa abin da kundin ya faɗa, a kai ta kasuwar Funtuwa, manomi ya sayar da buhunan masararsa ya saya. Haƙƙinsa ne a kanmu ya kasance abin da aka ce tana gani, da gaske tana ganinsa.