Digirin Sanin Halin Kayan Ƙira

Ran nan bayan mun tashi daga darasi, sai wani ɗalibi na aji biyu ya biyo ni har gindin darbejiya, ya ce, "Gafarta Malam, an ce digirinka na ƙarfe ne. Ashe sai mutum ya je jami'a kafin ya zama maƙeri?" Waɗanda ke wurin suka tuntsire da dariya, ni ma na yi. Amma tambayar ba ta banza ba ce, gama irinta mahaifina ya yi mini a Katuzu ranar da takardar shiga jami'a ta zo. Saboda haka na ga ya kamata in ba da amsa a nan, domin malamai da ɗalibai duka su ji.

Mene ne wannan ilmi?

Turawa suna kiransa matiriyals sayans, ni kuwa na kan ce masa ilmin sanin halin kayan ƙira. Kayan ƙira su ne abubuwan da a ke yin waɗansu abubuwa da su, watau ƙarfe da yumɓu da gilashi da roba da siminti da makamantansu. Kowannensu da halinsa, kamar yadda mutane su ke. Wani ya kan lanƙwashe, wani ya kan karye, wani tsatsa ke cinsa, wani kuwa zafi ba ya yi masa kome. Aikin mai wannan ilmi shi ne ya san dalilin halin, sa'an nan ya san yadda zai sāke shi in bukata ta kama.

Bari in fara da maƙera, tun da ita aka tambaya. Ina yaro na kan zauna wurin wani maƙeri a unguwarmu ina ja masa zuga-zugi. In zai yi gatari ba ya ɗaukar kowane ƙarfe, sai ya nemi tsohon sifirin mota. Ya sa shi a wuta har ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera ya yi ta dūka da masaɓa, sa'an nan ya sāke gasa bakin ya tsoma a ruwa. Bayan haka ya kan ɗan mai da shi kusa da wuta kaɗan. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce haka ya ga ubansa yana yi, kuma in ba a yi na ƙarshen ba, gatarin zai ɓantare ranar da aka fara sara da shi.

Sai da na je jami'a na sami dalilin. A cikin ƙarfe akwai wani sinadari, kabon, shi ne kusan dukan abin da ke cikin gawayi. Ƙarfen ƙusa kabon ɗinsa kaɗan ne, bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, don haka ya ke da taushi. Na sifirin ya kai wajen kashi 0.6. In aka gasa irin wannan zuwa zafin ma'auni 800 ko sama kaɗan, alhali ruwa a 100 ya ke tafasa, sai kabon ɗin ya bazu ko'ina cikin jikin ƙarfen. In aka tsoma shi a ruwa farat ɗaya, kabon ba ya samun damar fita, sai ya maƙale, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai amma ya yi gautsi kamar kwalba. Ɗan ɗumin nan na ƙarshe shi ke rage gautsin ya bar taurin. To, kun ga maƙerin yana da gaskiya. Ya san yadda a ke yi da hannunsa, ni kuwa an koya mini abin da ya sa.

Haka kuma masu ginin tukwane. Tulun da aka shanya a rana kawai, in ruwa ya taɓa shi sai ya koma laka. Amma in an gasa shi ya wuce ma'auni 600, ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyin yumɓun ya kan fita, ba kuwa zai koma ba har abada. Randa kuma tana sanyaya ruwa ne don akwai ƙananan kafofi a jikinta. Ruwa ya kan tsattsafo, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Wanda ya shafe randarsa da fenti don ado ya toshe kafofin nan, ya kashe amfaninta.

Waɗanda suka san tashar jirgin ƙasa ta Nguru, inda hanyar dogo daga Kano ta iso a 1930, su tuna da ɗan ratar da ke tsakanin dogo da dogo. Ba kuskuren ma'aikata ba ne. Ƙarfe ya kan ƙara tsawo in ya yi zafi. Dogo mai tsawon mita 12, in zafinsa ya ƙaru da ma'auni 30, zai ƙara wajen milimita 4. In ba a bar masa wuri ba, zafin bazara sai ya tanƙware shi, jirgi ya goce.

Daga ina ya fito?

Sana'ar daɗaɗɗiya ce a ƙasarmu. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tanderun narka tama waɗanda suka fi shekara 2,000. Tarihin Kano kuma ya nuna maƙera masu neman tama suna cikin waɗanda suka fara zama a Dutsen Dala. Amma tara waɗannan sani wuri ɗaya a mai da su fanni guda na jami'a sabon abu ne. A ƙarshen shekarun 1950 ne Jami'ar Northwestern ta Amurka ta fara sa wa wani sashenta wannan suna.

Abin da ya tilasta wa duniya kula da shi kuwa hasara ce. Tsakanin 1941 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ƙera jiragen ruwa na kaya fiye da 2,700 waɗanda a ke kira Liberty. Da yawa suka tsage a teku, waɗansu ma suka rabe biyu. Da fari aka ɗora wa masu walda laifi. Sai wata malama ta Jami'ar Kambirij a Ingila, Constance Tipper, ta nuna cewa shi kansa ƙarfen ne ke yin gautsi in ya shiga ruwa mai tsananin sanyi. Mu ma muna da namu irin wannan, ko da ya ke ba a teku ba. Duk ginin da ya rufta da mutane don an rage siminti ko an sa rodi marar kyau, maganar halin kaya ce.

Yadda a ke samun digirin

Ni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na yi, wadda aka buɗe a 1962, a sashen injiniyancin ƙarafa da kayan ƙira da ke Samaru. Akwai irinsa a jami'ar Ife, da jami'o'in fasaha na Tarayya da ke Akure da Owerri da Minna. Kafin a ɗauki yaro lalle ne ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da lissafi da fizik da kemistiri. Waɗannan huɗu kuma su ne zai rubuta a jarrabawar JAMB. Karatun shekara biyar ne.

Shekarar farko lissafi ne da fizik da kemistiri zalla, ba ka ko jin ƙanshin ƙarfe. A ta biyu a kan haɗa ka da sauran ɗaliban injiniya, ku koyi zanen injiniya da aikin wakshop. A nan na yi kwanaki ina gogar guntun ƙarfe da magagari har tafin hannuna ya yi bororo. Daga shekara ta uku a ke shiga tsakiyar fannin. Za ka koyi yadda ƙwayoyin zarra su ke jeruwa cikin ƙarfe, da yadda a ke raba ƙarfe da tama, da zubi, da walda, da maganin tsatsa, da yumɓu da gilashi da roba. Za ka yanki ƙarfe ka goge shi har ya yi ƙyalli kamar madubi, ka ɗiga masa ruwan asid, ka duba da madubin likita. Ranar da na fara dubawa na ga ashe ƙarfe ba curi ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne manne da juna kamar gonakin fadama da iyakokinsu. Akwai kuma wata na'ura da ke jan rodi har ya tsinke, tana rubuta nauyin da ya ɗauka.

A shekara ta huɗu a kan tura ɗalibi masana'anta wata shida ya koyi aiki. Ni na yi nawa a wani gidan zubin ƙarfe, inda na ga ƙarfe ya zama ruwa ana kwarara shi cikin yashi. Tsantsar baƙin ƙarfe sai a ma'auni 1,538 ya ke narkewa, alminiyam kuwa a 660. Shi ya sa masu zubin tukwane na kasuwanninmu su ke iya narka alminiyam da gawayi ba wuya.

Shekara ta biyar ita ce ta aikin bincike, kowa da nasa. Ni na zaɓi ɓuntun shinkafa, don na taso ina ganinsa tsibi-tsibi a bayan injinan cashe na Gashuwa, ana cinna masa wuta don a rabu da shi. In an ƙone ɓuntu, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ya kan zama toka, kuma mafi yawan tokar nan silika ce, watau sinadarin yashi. In an ƙone shi da zafin da bai wuce 700 ba, aka niƙa da laushi, tana iya maye gurbin wani kashi na siminti. Gwajina na farko bai yi ba. Na yi garaje, na kwashe tokar tana baƙa, na kwaɓa kankare, na jira kwana 28 kamar yadda a ke yi, na kai na'ura ta murƙushe shi tun bai kai ko'ina ba. Wata guda ya tafi a banza. Malamina ya dubi tokar ya ce, "Ai gawayi ka zuba." Na koma na sāke, na yi haƙuri har ta yi fari-fari, sa'an nan aka dace. Da ma an ce sauri ya haifi nawa.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Ana tara makin kowane zango tun daga shekarar farko, a kan ma'auni 5.00. Mai 4.50 ya sami daraja ta ɗaya, mai 3.50 ya sami ta biyu babba. Wanda ya yi wasa a farko ya kan yi shekara huɗu yana biyan bashi. Ni kaina lissafin shekara ta biyu ya kā da ni, sai da na maimaita, domin tushen da na zo da shi daga sakandare ba shi da ƙwari.

Bayan digiri fa?

Bayan hidimar ƙasa ta shekara guda, a kan sami aiki a kamfanonin siminti irin na Ashaka da Sakkwato, da masu narka tsofaffin ƙarafa su yi rodi, da kamfanonin mai inda a ke tsaron bututu daga tsatsa, da hukumar kula da ingancin kaya, da cibiyar binciken ƙarafa ta Jos, da koyarwa kamar yadda na ke yi. Amma kada wani ya zaci aiki yana jiransa a bakin ƙofa. Babbar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka ba Rashawa kwangilarta a 1979, har shekara ta 2023 ba a hura babban tanderunta ba, kuma da yawa daga abokan karatuna wata sana'a suka kama.

Duk da haka bukatar tana nan a ƙofar gidanmu. Kanwar da ke zuwa kasuwanninmu daga ƙasar Manga dangin soda ce, soda kuwa ita a ke haɗawa da yashi da farar ƙasa a yi gilashi. A kudancin jihar Yobe, wajen Fika da Fune, akwai jibsam wanda siminti ba ya kammaluwa sai da shi. Faifan solar da ke kan rijiyoyin burtsatse da silikon aka yi shi, silikon kuwa daga yashi ya fito. In damina ta yi ƙarfi kogin Yobe ya cika, gidajen laka nawa ke zubewa a Katuzu da kewaye? Ga laka, ga ɓuntu, ga yashi. Abin da ya rage shi ne 'ya'yanmu da za su zauna su gwada har su fitar da tubali mai araha wanda ruwa ba ya narkarwa.

To, a nan ne maganar ta zo kanku, ɗalibai, gama ku ne malaman gobe. Digirin nan ba a Samaru ya ke farawa ba, a ajin firamare ya ke farawa. Yaron da bai iya kasafi ba a aji biyar zai tsorata da lissafi a sakandare, ya gudu daga ajin kimiyya, kuma ranar da ya gudu ƙofar ta rufe, ko shi bai sani ba. Mu da yawa muka gama firamare tare, akwai waɗanda suka fi ni kai nesa ba kusa ba, amma ba su sami wanda ya riƙe hannunsu ba. Ni na yi sa'ar wani malami da ya kan kai mu maƙera da wurin masu tukwane, ya ce kowa ya kawo tambaya uku.

Ku ma ku yi haka in an tura ku koyarwa. Ba sai da ɗakin gwaji ba. Ku sami ƙusa uku, ɗaya a ruwa, ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya a shafe da mai, yara su duba bayan mako guda su faɗi abin da suka gani. Ku ba su waya su yi ta lanƙwasawa har ta karye, su taɓa wurin su ji zafi. Ku kula da 'yan mata kamar yadda ku ke kula da maza, ku tuna mace ce ta gano ciwon jiragen nan. In iyaye sun yi muku irin tambayar mahaifina, ku ba su amsa da ladabi, ku nuna musu gatari da randa.

Wanda ke son ƙarin bayani ya same ni a ofis bayan darasi. Allah ya sa mu dace.