Rabon yaro daga amfanin gona: a ware shi tun kaka

Iyaye mata da masu faɗakarwa na garuruwan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, wannan takarda taku ce.

A ƙasarmu ta Maradi ana noma hatsi, dawa, wake, gujiya, riɗi da aya. Duk da haka, tamowa takan tsananta ga yara ƙanana daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yaɗu. Sau da yawa tushen matsalar yana can baya, a lokacin kaka, sa'ad da aka kai wake da gujiya kasuwa da araha, aka bar hatsi kaɗai a gida.

Hatsi yana ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Wake da gujiya ne ke gina tsoka da jini. Ganyen zogale da yakuwa, da kabewa, suna taimakon jiki wajen jure cuta. Saboda haka, uwa, idan kin girbe gamanarki, ki fara ware rabon yaro kafin ki auna na sayarwa. Ki kuma yi shawara da maigida a fitar da wani kaso daga gandu.

Ajiya tana da ƙa'ida. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba shi cikin buhun PICS mai ninki uku, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Ƙwari sukan mutu saboda rashin iska, ba sai an sa magani ba. Gujiyar da ta yi fumfuna kuwa a zubar da ita, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya wadatar, ko ruwa ba a ƙarawa. Bayan nan a fara ba da kunu mai kauri na garin hatsi da soyayyen wake da gujiya, a barbaɗa garin zogale da aka shanya a inuwa. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini, ɗan wata 9 zuwa 23 sau 3 ko 4. A ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Masu faɗakarwa, ku koya wa kowace uwa auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa 59 da ɗan madaurin nan mai launi uku. Kore lafiya ce. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, a je a duba yaron. Idan ja ya fito, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafu biyu suka kumbura, a kai shi likita a ranar, kada a jira ranar kasuwa.